Tarihin Eugène Sue, Ɗan Gatan Da Talakawan Faris Suka Juya Wa Alƙalami

Yau za mu leƙa ƙasar Faransa ne, mu dubi tarihin wani marubuci da ake kira Eugène Sue, wanda ya rasu tun cikin 1857. A zamaninsa da wuya a sami marubucin da ya kai shi yawan masu karatu a duk ƙasar Turai. Shi dai ɗan gata ne, bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma abin da ya sa ya fara rubutu a kan talakawa shi ne neman kuɗin biyan bashi. Amma da yake labarin nasa kashi-kashi yake fitowa a jarida, sai mutanen da yake ba da labarinsu suka sami damar amsa masa tun bai kai ƙarshe ba. Wannan amsa tasu ita ce ta sake masa hanya, ta kai shi majalisa, daga baya kuma ta raba shi da ƙasarsu.

GIDAN LIKITOCI

An haife shi a birnin Faris cikin watan Janairu, 1804. Gidansu gidan likitoci ne masu aikin fiɗa tun kaka da kakanni. Ubansa, Jean-Joseph Sue, likita ne na dakarun da ke tsaron Napoleon, saboda haka fada ba baƙon wuri ba ce gare shi. Sa'ad da aka yi wa yaron baftisma bisa ga al'adar Kirista, Joséphine matar Napoleon ita ce ta tsaya a matsayin uwa, ɗanta kuma Eugène de Beauharnais ya tsaya a matsayin uba. Daga nan ne ya samo sunan Eugène, ko da yake sunan da aka raɗa masa Marie-Joseph ne.

A makaranta bai yi wani abin kirki ba, sai wasa da shiririta da cin bashi. Da uban ya gaji, sai ya sa shi aikin mataimakin likita a soja. Cikin 1823 ya bi rundunar Faransa da ta shiga ƙasar Sifen. Bayan wannan aka mai da shi wajen mayaƙan ruwa, ya zaga teku har tsibiran Karibiyan. Cikin watan Oktoba, 1827, yana cikin wani jirgin yaƙi na Faransa sa'ad da aka gwabza yaƙin Navarino a gaɓar ƙasar Girka, inda jiragen Ingila da Faransa da Rasha suka haɗu suka ragargaza jiragen Turkiyya da Masar. Yana ɗan shekara 23 ya ga yadda harsashin igwa ke yi da jikin ɗan Adam.

DUKIYAR GADO

Cikin 1830 uban ya rasu, ya bar masa dukiya mai yawa. Nan da nan ya ajiye aikin likita, ya kama gida a Faris, ya shiga sayen dawaki da kayan azurfa da tufafi masu tsada. Yana cikin mutanen farko da suka shiga Jockey Club, watau kulob ɗin 'ya'yan manya masu sha'awar sukuwa. Saboda ado da ƙwalisa har laƙabi aka yi masa, ana ce da shi kyakkyawan Sue.

A wannan lokaci ne ya fara rubuta littattafai a kan abin da ya gani a teku. Ya fitar da Kernok le pirate cikin 1830, da Atar-Gull cikin 1831, da La Salamandre cikin 1832. Mafi suna a cikinsu shi ne Atar-Gull, labarin wani mutumin Afirka da aka kama aka sayar bawa a tsibirin Jamaika. Ubangijinsa ya sa aka rataye mahaifinsa bisa ga sharri, don ya karɓi diyyar da hukuma ke biya. Bawan ya haɗiye abin a ciki, ya riƙa nuna ladabi, alhali yana kashe iyalin mutumin da dabbobinsa ɗaya bayan ɗaya, har ya talauta shi, ya bi shi Faris yana jinyarsa yana gasa masa aya a hannu a ɓoye. A ƙarshe manyan masanan Faransa suka ba bawan lambar yabo ta amana. A lura, sa'ad da littafin ya fito Faransa ba ta hana bauta a ƙasashen da take mulki ba tukuna, sai cikin 1848. Amma Sue na wancan lokaci bai damu da gyaran duniya ba. Ra'ayinsa shi ne mugunta ke cin riba, mutane kuma wawaye ne, sai a yi musu dariya.

Cikin shekara bakwai dukiyar ta ƙare ƙarƙaf. Daɗin daɗawa, cikin 1837 ya fitar da wani littafi, Latréaumont, inda ya ci mutuncin tsohon sarkinsu Louis na 14, sai gidajen 'yan sarauta da a dā suke gayyatarsa suka fara rufe masa ƙofa. Ga bashi, ga rashin abokai. Ba abin da ya rage masa sai alƙalami.

JARIDA MAI ARAHA

Ya kuwa yi sa'a, domin a daidai lokacin ne sana'ar jarida ta sake salo a Faransa. A dā kuɗin jarida na shekara faran 80 ne, sai mai hali. Ran 1 ga watan Yuli, 1836, aka fito da sababbin jaridu biyu a rana ɗaya, La Presse ta Émile de Girardin da Le Siècle ta Armand Dutacq, kowacce a kan faran 40, watau rabin kuɗi. Dabararsu ita ce kuɗin talla ya cike giɓin. To, mai talla ba ya biya sai ya ga yawan masu saye, masu saye kuwa ba su dawowa kullum sai da abin da zai ja su. Abin da aka samo shi ne labari mai tsawo, a yanka shi kashi-kashi, a riƙa sa shi a gindin shafi, ƙarƙashin labaran siyasa.

Wannan irin rubutu yana da nasa sharaɗi. Dole kowane kashi ya gamsar da mai karatu, amma kuma ya tsaya a inda hankali ya fi tashi: an ɗaga wuƙa, ko an buɗe ƙofa ba a ga mai shigowa ba, sai a rubuta a ƙasa cewa za a ci gaba. Manyan marubuta kamar Balzac da Alexandre Dumas duk sun shiga. Sue ma ya shiga, kuma labarinsa Mathilde, wanda ya fito a La Presse tsakanin 1840 da 1841, ya karɓu ƙwarai. Amma har yanzu labarin masu kuɗi ne da kishinsu da aurensu.

BIRNIN BAƘI

Don a gane abin da ya biyo baya, sai an san yadda Faris take a wancan zamani. Cikin 1801 mutanenta ba su kai 550,000 ba. Kafin 1846 sun haura miliyan ɗaya. Yawancin wannan ƙari baƙi ne daga ƙauyuka, waɗanda talauci ya koro. Magina suna tasowa daga yankin Creuse da ƙafa, su yi aikin gini in sanyi ya wuce, su koma gida in ya dawo, watau 'yan ci-rani ke nan. Mutanen Auvergne su ne 'yan ga-ruwa da masu sai da gawayi. Yaran Savoie su ke share bututun hayaƙi na gidaje. Suna kwana a cunkushe cikin ɗakunan haya a tsofaffin unguwanni masu lunguna, babu iska, babu ruwa mai tsabta. Sa'ad da annobar kwalara ta faɗa wa birnin cikin 1832, ta kashe mutum wajen 18,000, kuma a waɗannan unguwanni ta fi yin ɓarna. Masu hali suna kallon mazaunan wuraren a matsayin ɓarayi da 'yan ta da zaune tsaye, ba su rarrabe lebura da ɗan fashi.

Wani abokin Sue, marubucin wasan kwaikwayo mai suna Prosper Goubaux, shi ne ya ba shi shawara ya bar labarin 'yan sarauta ya dubi waɗannan mutane. Ana kuma ba da labarin cewa cikin 1841 wani abokin nasa, Félix Pyat, ya kai shi cin abinci gidan wani ma'aikaci, ya ji yadda mutumin ke warware maganar siyasa da tattalin arziki, ya fito yana cewa shi ma ya zama ɗan gurguzu. Ko ma dai yaya aka yi, ya sami tsohuwar rigar leburori da hula, ya riƙa shiga mashaya da gidajen abinci na unguwar Cité da dare, yana sauraron zaurancen ɓarayi yana rubutawa.

ASIRAN BIRNIN FARIS

Ran 19 ga watan Yuni, 1842, kashi na farko na Les Mystères de Paris, watau Asiran Birnin Faris, ya fito a Journal des débats. Abin mamaki, wannan jarida ta masu goyon bayan gwamnati ce, attajirai da manyan ma'aikata ke karanta ta. Tun a farkon labarin Sue ya nuna cewa zai zaga da su ne su yi kallon mutanen lungu, kamar yadda ake ba da labarin wata ƙabila ta nesa.

Labarin ya buɗe da dare ana ruwa, a wani lungu. Wani ƙato, tsohon mahauci kuma tsohon fursuna, wanda ake kira Chourineur, watau mai suka da wuƙa, yana dukan wata yarinya. Sai wani saurayi cikin kayan ma'aikata ya shiga tsakani, ya lallasa shi, sa'an nan ya ja su duka biyu zuwa mashaya ya saya musu abinci, ya sa kowa ya ba da tarihinsa. Saurayin sunansa Rodolphe, kuma a gaskiya sarki ne na wata ƙaramar ƙasa ta ƙage a Jamus, ya ɓad da kama yana yawo cikin talakawa don ya kankare wani laifi da ya yi wa mahaifinsa. Yarinyar kuwa, Fleur-de-Marie, marainiya ce wadda wata tsohuwa mai ido ɗaya, da ake kira Mujiya, ta rena da duka, har aka tura ta karuwanci. Akwai wani mugu da ake kira Malamin Makaranta, wanda ya ƙona fuskarsa da ruwan guba don kada 'yan sanda su gane shi. Akwai kuma likitan Rodolphe, David, baƙar fata, tsohon bawa daga Amurka, wanda yana cikin mutanen kirki na labarin.

Wajen riƙe mai karatu, Sue gwani ne. A wani wuri an jefa Rodolphe cikin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa an kulle, ga kogi ya cika, ruwa yana shigowa yana hawa daga gwiwa zuwa ƙirji zuwa wuya, ɓeraye suna hawa jikinsa. Wanda ya cece shi kuwa shi ne mahaucin nan da ya doka, domin Rodolphe ne mutum na farko da ya taɓa gaya masa cewa yana da zuciya da mutunci.

Amma wurin da ya girgiza ƙasar ba na faɗa ba ne. Labarin iyalin Morel ne. Morel ma'aikaci ne mai goge duwatsu masu daraja, yana zaune a wani ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufin bene, da matarsa mara lafiya da surukarsa da ta ruɗe da 'ya'ya ƙanana. A kan teburinsa akwai lu'ulu'u na attajirai wanda kuɗinsa zai ci da su shekaru, amma bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Babbar 'yarsa tana aikatau gidan wani lauya mai rubuta takardun gado, Jacques Ferrand, wanda gari ke ganinsa mutumin kirki, alhali ya lalata ta, ya kuma riƙe uban da takardar bashi. Da asuba ma'aikatan kotu suka zo kama Morel saboda bashin, a daidai lokacin da ƙaramar 'yarsa ta mutu don sanyi. A nan masu karatu suka ga talaka wanda ba ɓarawo ba ne, mai aiki dare da rana, amma aikin bai fid da shi ba.

MASU KARATU SUN AMSA

Labarin ya yi wata goma sha shida yana fitowa, har ran 15 ga watan Oktoba, 1843. Wanda ba shi da kuɗin jarida sai ya tafi ɗakin karatu na haya, ya biya 'yan kuɗi kaɗan, ya bi layi. Wanda bai iya karatu ba sai a taru a tsakar gida ko a wurin aiki, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi saura su saurara. Marubuci Théophile Gautier ya yi ba'a cewa har marasa lafiya sun dakatar da mutuwa sai sun ji ƙarshen labarin. Ana ma cewa da aka tsare Sue saboda ya ƙi zuwa aikin gadi na dole da ke kan mazan birni, Firayim Minista da kansa, Marshal Soult, ya sa aka sake shi don kada labarin ya tsaya.

Sai wasiƙu suka fara zuwa. Wasu sun aiko da kuɗi a kai wa iyalin Morel, kamar mutane ne masu rai. Wasu marasa aiki sun roƙi a ba su adireshin Rodolphe. Wasu sun rubuto tarihin kansu, suna cewa abin da ya faɗa kaɗan ne daga abin da suke ciki. Likitoci da lauyoyi da masu kula da kurkuku sun aiko da bayani da gyara. Ɗaruruwan waɗannan wasiƙu suna nan ajiye a wani ɗakin adana littattafai na birnin Faris. Jaridar mabiya Charles Fourier, masu ra'ayin gurguzu, ta yabe shi a kan shi ne mai magana da yawun talakawa.

To, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Da yake Sue yana rubuta kowane kashi ne dab da lokacin bugawa, abin da ya karanta a wasiƙa yau yana iya shiga labarin gobe. Mai karatu da ya bi littafin daga farko zuwa ƙarshe zai ga canjin da idonsa. Can gaba sai marubucin ya riƙa tsai da labari yana magana da bakinsa: a kan kurkukun da ke haɗa yaro mai ƙaramin laifi da tsofaffin 'yan fashi, a kan tsadar shari'a wadda ta sa matar talaka ba ta iya rabuwa da mijin da ke cutarta, a kan asibitin da ke mai da talaka abin koyon aiki, a kan gidan jingina mai karɓar ruwa mai yawa. Har ya sa Rodolphe ya kafa bankin talakawa, mai ba ma'aikacin da ya rasa aiki rance ba ruwa. Mutumin da ya shiga lungu don kallo ya fito yana neman a gyara doka.

MASU SUKA

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Masu ra'ayin riƙau sun ce yana ɓata tarbiyya, yana shigo da zancen karuwai da ɓarayi cikin gidajen mutunci. Wasu sun yi masa gori, wai ga mai kukan talakawa amma da cokalin azurfa yake cin abinci. Suka mafi nauyi ta fito ne daga Karl Marx, a cikin littafin da suka fitar tare da Engels cikin 1845. Marx ya nuna cewa a labarin Sue talaka ba ya ceton kansa, sai ya jira wani basarake mai kuɗi ya tausaya masa. Rodolphe shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci, har ya sa aka makantar da Malamin Makaranta ba tare da kotu ba. Ita kuwa Fleur-de-Marie, ko da aka gane 'yar Rodolphe ce ta cikinsa, aka kai ta fada, an riga an cusa mata ganin kanta a matsayin mai ƙazanta, ta ƙi aure, ta shiga gidan mata masu ibada, ta mutu. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma da alama Sue kansa ya matsa daga inda yake, domin littattafansa na baya sun daina jiran sarki.

FARAN DUBU ƊARI

Da ganin wannan kasuwa, sai Louis Véron, mai jaridar Le Constitutionnel, wadda ta kusa durƙushewa, ya biya Sue faran 100,000 don sabon labari. Le Juif errant, watau Bayahude Mai Yawo, ya fito daga watan Yuni, 1844, zuwa watan Agusta, 1845, kuma masu sayen jaridar suka tashi daga wajen 3,600 zuwa fiye da 20,000.

Labarin gado ne. Wani mutum ya bar dukiya, ya yi wasiyya cewa bayan shekara 150 zuriyarsa su hallara a wani gida a Faris ran 13 ga watan Fabrairu, 1832, su raba. Kuɗin ya haihu ya wuce faran miliyan 200. Magadan sun watsu a duniya, daga Saiberiya har Indiya, kuma wani limami mai suna Rodin, na ƙungiyar Jesuit ta cocin Katolika, yana ƙulla makirci don kada kowa ya iso sai wanda ke hannunsu. Sunan littafin ya samo asali ne daga wata tsohuwar tatsuniya ta Turawa, ta wani baduku da aka la'anta da tafiya har abada, amma Sue ya mai da shi alamar ma'aikacin da ba ya hutawa. Iyalin Yahudawan da ke cikin labarin su ne masu amana, waɗanda suka tsare dukiyar tsara bayan tsara. A kan 'yan Jesuit ya sauke fushinsa, kuma ya wuce gona da iri, domin ya zana su tamkar wata ƙungiyar asiri mai juya duniya duka. Cocin bai yafe masa ba. Cikin 1852 aka sa littattafansa a jerin waɗanda aka hana mabiya Katolika karantawa.

ƘURI'AR DA TA JAWO DOKA

Cikin watan Fabrairu, 1848, mutanen Faris suka tayar, Sarki Louis-Philippe ya gudu, aka kafa jamhuriya, aka ba kowane namiji baligi ikon jefa ƙuri'a. Masu zaɓe suka tashi daga wajen 250,000 zuwa fiye da miliyan tara. Sue ya shiga rubuta ƙananan takardu don wayar da kan manoma. Cikin watan Afrilu, 1850, aka yi zaɓen cike gurbi a Faris, 'yan jamhuriya da 'yan gurguzu suka tsai da shi, masu ra'ayin riƙau suka tsai da wani ɗan kasuwa mai suna Leclerc. Ran 28 ga wata Sue ya ci, da ƙuri'a fiye da 120,000.

Wannan nasara ta tsorata masu rinjaye a majalisa. Wata guda kawai bayan haka, ran 31 ga watan Mayu, 1850, suka zartar da sabuwar dokar zaɓe. Ba su fito fili sun ce talaka ba zai yi zaɓe ba. Sharaɗi suka kafa, cewa sai mutum ya shekara uku zaune a wuri ɗaya, ya kuma kawo shaida daga littafin haraji ko daga maigidansa. Wa wannan ya shafa? Magini da ke bin aiki gari gari, da lebura mai sake ɗakin haya, da duk wanda neman abinci ya raba da garinsu. Mutum kusan miliyan uku suka rasa ƙuri'arsu, watau wajen kashi ɗaya cikin uku na masu zaɓe. Mutanen da suka ɗaga Sue su ne suka biya kuɗin nasararsa. Cikin watan Yuli kuma aka ɗora harajin santim ɗaya a kan kowane kofe na jaridar da ke ɗauke da labari mai ci gaba, don a karya wannan sana'a.

A majalisa kuwa Sue bai yi wani tasiri ba. Ba shi da baiwar magana a gaban taro, yawanci shiru yake yi. Ƙarfinsa a takarda yake.

GUDUN HIJIRA

Ran 2 ga watan Disamba, 1851, Shugaban Ƙasa Louis-Napoléon, ɗan ƙanen Napoleon na farko, ya yi juyin mulki, ya rushe majalisa. Ɗaya daga cikin hujjojin da ya kafa ita ce zai mayar wa talakawa ƙuri'ar da dokar 1850 ta ƙwace. An kama 'yan majalisa da dama, wasu kamar Victor Hugo suka tsallake iyaka. Sue ma ya bar ƙasar. Wanda ya kore shi jikan Joséphine ne, matar nan da ta tsaya masa ran baftisma.

Ya sauka a Annecy-le-Vieux, a yankin Savoie, wanda a lokacin yana ƙarƙashin Sarkin Sardiniya. Hukumar can ta ba shi mafaka ko da yake limaman yankin ba su so ba. A nan ya zauna a bakin tafki, ya ci gaba da babban aikin da ya fara tun 1849, Les Mystères du peuple, watau Asiran Talakawa. Tarihin iyali ɗaya ne na ma'aikata, tun daga zamanin da Rumawa suka ci ƙasar har zuwa zamaninsa, kowace tsara tana bar wa ta bayanta labarin zaluncin da ta sha da yadda ta yi tsayayya. A wannan littafi babu sarkin da ke zuwa ceto. Gwamnati ta yi ta sa masa ƙafa wajen bugawa da rarrabawa, har cikin 1857 'yan sanda suka kwashe dubban kofe daga wajen mai bugawa. A wannan shekara ce kuma aka gurfanar da Flaubert da Baudelaire a kotu saboda rubutunsu.

Sue bai ga ƙarshen shari'ar ba. Ya rasu ran 3 ga watan Agusta, 1857, yana da shekara 53, bai sake taka Faris ba. Hukuma ta sa a yi jana'izar da sassafe don gudun taro, amma duk da haka jama'a masu yawa suka fito suka raka shi maƙabartar Loverchy a Annecy. Bayan 'yan makonni kotu a Faris ta yanke hukunci a lalata littafin, ta kuma hukunta mai bugawa. Cikin 1860 aka haɗe Savoie da Faransa, sai kabarinsa ya koma cikin ƙasar da aka hana shi zama.

ABIN DA YA BARI

Salon da ya buɗe ya bazu ko'ina. An yi Asiran Landan, an yi na Marseille wanda Émile Zola ya rubuta, an yi na birane da yawa a Turai da Amurka. Dumas ya faɗa cewa nasarar Sue ce ta sa masu buga littattafansa suka matsa masa ya rubuta labarin Monte-Cristo. Masana kuma suna ganin sawunsa a cikin Les Misérables na Victor Hugo, wanda ya fito cikin 1862. Har a bakin mutanen gari ya bar alama, domin sunan Pipelet, mai gadin gidan hayar da Morel ke ciki, ya zama kalmar da Faransawa ke kiran mai gadin gida da ita, da kuma mutum mai yawan surutu.

Yau ba a karanta shi kamar Hugo ko Dumas, domin rubutun gaggawa ne, akwai maimaici da wa'azi mai tsawo. Amma mai son sanin yadda baƙin Faris suka rayu a wancan zamani, inda suke kwana, abin da suke ci, da abin da ke kai su kurkuku, har yanzu yana komawa ga Asiran Birnin Faris, da kuma wasiƙun nan da su da kansu suka rubuta wa marubucin.